Ranar da Na Katse Gaisuwar Baffa

Duk wanda ya sa darasinmu na digiri na biyu ranar Talata, wallahi bai taɓa taka Mafara ba. Ran kasuwa ke nan, ranar da duk mai ciwon da ya yi ta dannewa a ƙauye yake haɗa cefane da zuwa asibiti. Ni kuwa nas ce, aikina safe zuwa la'asar, karatun kuma ta intanet nake yin sa, da wata tsohuwar kwamfuta mai ɗaukar zafi kamar tanda.

Ranar Talatar da zan gabatar da aikin bincikena kai tsaye, malamarmu ta riga ta faɗa, ba wasa: wanda aka kira bai amsa ba, sai baɗi. Baɗi! Ni da na shekara ina cin tuwo da hannu ɗaya, ɗayan na kan littafi? Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini layin marasa lafiya, na shige ɗakin ajiyar magani, don nan kaɗai sabis yake tsayawa, kusa da taga.

An kira ni, na fara ke nan, sai na ji sallama. Baffa ne, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama. Ya taso tun daga Dosara, ga shi a bakin ƙofa da sandarsa.

"Ɗiyata, kin wuni lahiya? Ina gajiya? Ina maigidan naki?"

Na san gaisuwar Baffa. Sai ya bi yarana ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi surukata, ya gangara kan damina. Kuma tun da na yi wayo ban taɓa amsa masa a zaune kan kujera ba, balle in katse shi. Ga fuskar malama a kwamfuta tana jira. 

"Baffa, ka yi haƙuri, ka jira ni. Jarrabawa nake yi."

Na juya masa baya. Na kai aikin nan ƙarshe, na amsa tambayoyin da aka yi mini kaf. Malama ta ce na tsallake. Da na fito, babu Baffa. Abokiyar aikina ta ce ko ruwa bai sha ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Haushi kuma ya biyo baya. Laifin me na yi? Ba shi ne ya kai ni makarantar jinya da ƙafarsa ba?

Ran Asabar na hau mota zuwa Maradun, na ƙarasa Dosara a babur. Na same shi a zaure, na durƙusa. Ya bar ni a durƙushe ya ɗauko gaisuwar nan tasa tun daga farko, har akuyar da na sayar bara sai da ya tambaya. Gwiwoyina suka yi tsami. Na ba shi haƙurin juya masa baya, amma na gaya masa gaskiya: da za a maimaita, haka zan sake yi, don ba zan zubar da shekara ba.

Ya dube ni, ya ce:

"Saura nawa ki ƙare?"

"Shekara ɗaya, Baffa."

"To, ki hwaɗa mani ranar da ba a zuwa wurinki. In hana mutanen garin ga su ma."