Hazon da Ambrose Ya Aiko

Verna Tizzard ba ta taɓa neman a tausaya mata ba, wanda ya gwada ma ya ji kunya. A garin Bonavista na bakin teku aka haife ta, gidan masunta gaba da baya. Da aka hana kamun kifi sai ta koma kamfanin gyaran ƙaguwa, da shi ma ya rufe ta ɗaure kayanta ta hau jirgin ruwan masu bincike a matsayin kuku. Masana su wuni suna zura na'urori cikin tekun Labrador, ita kuwa tana fama da dankali da kifi mai gishiri, amma kowa ya san wa ke riƙe da jirgin. Kyaftin da kansa sai ya goge takalmi kafin ya taka kicin ɗinta.

Tafiyar bana ta zo mata da nauyi. Ba a daɗe da yi wa mijinta Ambrose aikin zuciya ba, likita kuma ya ce kullum ya taka zuwa kan dutsen bakin teku ya dawo. Ta so ta zauna jinya, ya ce in ta zauna faɗanta ne zai ƙarasa shi. Sai ya yi alkawarin zai riƙa aiko mata shaida kowace safiya daga kan dutsen.

Shaidar Ambrose kuwa hoto ce, don hannun da ya tsufa yana jan igiya bai san rubutu a waya ba. Abin da ya kasa shiga kansa shi ne intanet ɗin jirgi ɗigo-ɗigo take zuwa ta tauraron ɗan'adam. Bayanan masana da labarin yanayi su ke fara wucewa, ragowar a raba wa kowa. Rubutu ya shiga, duk abin da ya yi nauyi na'ura ta kore shi.

Mai kula da na'urar, Leander Pardy, ajinsu ɗaya da Verna a firamare, har gobe ba sa raga wa juna. Kowane hantsi zai leƙo kicin da kofin shayinsa ya ce, “Tsohuwa, angon naki ya sake buga ƙofa, mun sake koro shi.” Ita kuma ta ce ya ɗauki burodi ya ɓace mata da gani.

Ya taɓa cewa zai saci hanya ya shigo mata da hoto ɗaya, ta ƙi. Ta ce akwai waɗanda suka baro jarirai a gida, su ma ba su ga hoto ba, ba za a fara karya doka a kanta ba. Dutsen nan ta san shi tun tana rarrafe, me za ta kalla? Ambrose bai iya ƙarya ba ko ta wasa. In an koro saƙonsa, to ya hau, yana da rai, kuma yana nan da taurin kansa. Wannan ya ishe ta. Akwatin saƙonta ma ta daina buɗewa.

Wani hantsi Leander ya shigo ba tsokana a bakinsa. Ya ce ya duba, ya sake dubawa, yau ba a koro komai ba.

Verna ta ce wataƙila mutumin ya makara, ta ci gaba da murza ƙullu. Amma tsoro ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka tura Ambrose ɗakin tiyata. Ta ciyar da jirgi abincin rana ba wanda ya ga komai a fuskarta, sai dai miyar ta yi gishiri. Tana gama wanke-wanke ta cire rigar aiki, ta nufi wurin kyaftin neman izinin wayar gaggawa, wadda ba a taɓawa sai rai na hannun Allah.

A matakala Leander ya tare ta, ya tambaye ta yaushe rabonta da buɗe akwatinta. Ta ce wa zai rubuto mata? Ya ja ta har gaban kwamfuta. Saƙo ɗaya ne a ciki, daga Ambrose, ga hoto maƙale da shi.

Hoton ya fara sauka daga sama, layi bayan layi, fari fat. Ta ce na'urar Leander ta lalace kamar mai ita. Leander ya ƙura ido, can sai ya tuntsire da dariya.

“Hazo ne, Verna. Hoton da ba komai a cikinsa ba shi da nauyi, shi ya sa ya wuce.”

Ta jira har ƙasan hoton ya bayyana. Can a kusurwa ga ƙarfen shingen da ke ƙololuwar dutsen, ga hannun Ambrose riƙe da shi, da zoben aurensu da ya yi masa yawa tun da ya rame. A irin wannan hazon mai lafiya ma ba ya hawa, don taku ɗaya a kuskure sai teku. Farin ciki da haushi suka taso mata lokaci guda, ta share ido da bayan hannu ba ta damu da wa ke kallo ba.

Ta ture Leander daga kujera, ta rubuta da yatsa ɗaya: “Na gan ka, tsohon banza. Ranar hazo ka zauna a gida, na yafe shaidar. Kai nake so in tarar.”