Matuƙin Jirgin da Kakana Ya Yi Jinya

Na zo Alƙahira ina da shekara arba'in da ɗaya, don karatun digiri na uku. Na bar matata da 'ya'ya huɗu a Kano. Na sami ɗaki a hawa na biyar a unguwar Hayyin Ashir, a gidan da ɗalibai uku 'yan ƙasarmu suke zaune, kuma babbansu ma bai kai autan gidanmu ba. Mutanen kirki ne. Sai dai duk lokacin da na shigo falo suna hira, sai dariya ta ɗauke, kowa ya gyara zama, a ce, "Sannu da zuwa, Malam." In na zauna, sai hirar ta koma ta nahawu. Da na gane ina takura musu, sai na riƙa ɗaukar shayina ina shigewa ɗaki.

Juma'a ta fi kowace rana tsawo a wurina. Babu darasi, ɗakin karatu a rufe, kuma da an sauko daga masallaci samarin sukan tafi ƙwallo. A irin wannan Juma'ar, wata bakwai da zuwana, na ciro hoton da Inna, mahaifiyata, ta saka mini a jaka ranar da zan taso.

Hoton wani Bature ne sanye da kayan soja, hularsa a karkace, da sunansa a rubuce a baya. Mahaifin Inna kuku ne a filin jirgin saman Kano lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamanin ana tuƙo ƙananan jiragen yaƙi daga bakin teku, su ya da zango a Kano su sha mai, washegari su nufi gabas har Masar. Kwana ɗaya matuƙan suke yi. Kakana ya dafa musu, su ci, su wuce, ko fuskokinsu ba ya riƙewa. Sai wannan na hoton da zazzaɓi ya kayar, abokan tafiyarsa suka tashi suka bar shi. Mako uku ya yi a kwance. Duk abin da aka ba shi na abincinsu sai ya dawo, har kakana ya dama masa kunun tsamiya ba da sanin likita ba, shi ne ya zauna masa a ciki. Kafin ya warke ya iya cewa "sannu" da "da sauƙi". Ranar da zai tashi ya ba kakana hoton. Bayan wasu watanni wani matuƙi da ya biyo ta Kano ya shaida masa cewa an harbo jirgin mutumin a hamada, ya cika a wani asibiti a Alƙahira.

Kakana ya ba mu wannan labari har muka gaji da shi. Mukan kwaikwayi muryarsa a bayan idonsa. Ya rasu ina sakandare.

"Tunda can za ka," in ji Inna, "ka duba ko za ka ga inda aka sa shi. Baba ya so ya sani."

Wani abokin karatuna ɗan Masar ya taɓa ce mini akwai maƙabartar sojojin ƙetare a unguwar Masar al-Jadida. Na shiga ƙaramar bas, na sauka ba daidai ba, na yi ta tambaya. Da na tura ƙofar maƙabartar sai ƙarar motoci ta koma can nesa. Tun zuwana garin ban taɓa ganin ciyawa kore shar haka ba. Fararen duwatsun kaburbura ne jere, layi bayan layi, tsawonsu ɗaya, babu kowa sai wani dattijo mai jallabiya ruwan toka yana ban ruwa da tiyo.

Na yi masa sallama, na faɗi abin da ya kawo ni da Larabcin littafi. Ya saurara har na gama, sannan ya yi dariya.

"Ya ustaz, kana magana kamar mai huɗuba. Yalla, zo."

Ya buɗe wata 'yar ƙofar ƙarfe a jikin bango, ya ciro littafin sunaye. Shi ba ya karanta rubutun Turawa, amma ya san kowane layi da lambarsa. Na bi da yatsa har na ga sunan. Sai da na gwada shi da na bayan hoton sau biyu, harafi da harafi. Na faɗa masa lambar, ya ajiye tiyon ya shige gaba.

Dutsen yana kusa da katanga ta baya. Akwai sunan, da tambarin sojan sama, da 'yan kalmomi a ƙasa waɗanda mahaifiyarsa ta sa aka rubuta. Akwai kuma shekarunsa, ashirin da biyu. Wannan ne ya tsayar da ni. Tun ina yaro na ɗauke shi babban mutum, saboda yadda kakana yake ambatonsa. Ashe ƙaramin cikin ɗaliban da nake zaune da su ma ya girme shi.

Dattijon ya koma kan aikinsa. Ni kuwa na tsaya ban san yadda zan yi da hannuwana ba. Fiƙihu nake karantawa, na san abin da malamai suka ce game da ziyarar kabarin wanda ba Musulmi ba, amma babu littafin da ya koya mini yadda ake isar da saƙon kuku. Can sai na ji kaina ina magana da Hausa. Na ce wa mai kabarin sannu. Na ce ni jikan mutumin nan ne da ya dama masa kunu a Kano. Na gaya masa tsohon ya rasu tuntuni, ya ga jikoki da yawa, kuma bai yar da hoton ba. Na gaya masa filin jirgin yana nan, ta can ma na taso. Da na gama sai na lura cewa na yi makonni ban yi doguwar Hausa haka ba, in ba a waya ba.

Da zan fita dattijon ya kira ni, ya zuba mini shayi a ƙaramin kofin gilashi.

"Ɗan'uwanku ne?"

"A'a, ya Hajj. Kakana ne ya yi jinyarsa."

Ya gyaɗa kai, kamar wannan ma dangantaka ce. "Tun da na fara aiki a nan ban ga wanda ya tsaya a kan wannan ba. Wasu ana zuwar musu, jikoki da furanni. Ma'alish, ba komai. Ni dai duka nake ba su ruwa."

Bayan la'asar na kira Inna. Na gaya mata na gano kabarin.

"Ashe dai da gaske akwai shi," ta ce. "Wurin da tsabta?"

"Da tsabta, Inna."

"To, madalla."

Daga nan ta shiga ba ni labarin rufin kicin da ke yoyo.

Na ci gaba da zuwa, ba kowace Juma'a ba, amma sau da yawa. Wani lokaci ko gun dutsen ba na ƙarasawa, sai in zauna a kan benci in buɗe littafina, dattijon yana yankan ciyawa daga can. Ba mu cika magana ba. Na taɓa neman dangin mamacin ta intanet, na rubuta wasiƙa biyu, babu wadda aka amsa. A shekarata ta uku na zo na tarar da wani sabon ma'aikaci, ya ce dattijon ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a kudu. Ban taɓa tambayarsa sunan ƙauyen ba.

A ranar ne wasu Turawa biyu suka shigo, tsoho da tsohuwa, da takarda a hannu suna ƙirga layi. Suka tsaya a kan dutse na uku daga nawa. Tsohuwar ta sunkuya da ƙyar ta ajiye fure. Da ta ɗago ta gan ni tsaye da littafi a hammata, ta dube ni, ta dubi dutsen da ke gabana, ta yi ɗan murmushi. Na shirya labarin da zan ba ta a raina da Turanci, tun daga Kano har zuwa kunun tsamiya. Kafin in buɗe baki mijin ya riƙe mata hannu, suka juya a hankali suka nufi ƙofa. Na jira har suka fita, sannan na tafi neman motar Hayyin Ashir.