Ƙafafun Kakarmu

Duk ranar da na ji wayar wani ta yi ƙyas a wurin biki, sai gwiwata ta fara lanƙwashewa da kanta. Kada ka yi dariya tukuna, mai karatu, bari ka ji dalili.

Ina ɗan shekara goma sha biyu kakarmu ta zo mana daga Bida. Lokacin bazara ne, irin zafin Minna da ko kaza sai ta nemi mafici. Gidanmu na haya a Fadikpe ya cika da ƙanshin mangwaro da turaren tsohuwa. Ita kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Kwana bakwai kawuna yana lallashi, har muryarsa ta dushe, kafin ta ce to, sau ɗaya, kuma kada a sake tambayarta.

Kawu yana da kyamara mai fim, saura ɗauka ɗaya tak a ciki. Yana so ya fito kusa da uwarsa, sai ya damƙa mini ita. Ni da ko rediyo ba a bari in taɓa!

Aka zaunar da Kaka a kujera, manya suka jeru a bayanta. Na miƙe ƙiƙam na saita. Sai muryar Inna daga ƙofar kicin: "Kai! Tsaye za ka yi a kan kakarka?"

Na durƙusa.

Kawu ya ce, "Dube mu sosai mana, ɗan nan!"

Na ɗaga ido, muka haɗa ido da Kaka ta cikin ɗan gilashin. Shekara goma sha biyu ana ja mini kunne kada in kalli babba a ido, yau an ce in kalla, har in kanne ido ɗaya! Wa zan bi? Kaina ya sunkuya da kansa, kyamara ta bi shi, yatsana ya danna.

Sai bayan Kaka ta koma Bida aka wanko fim. Ga takalman Kawu suna ƙyalli, ga gindin kujera, ga ƙafafun Kaka da lalle, ga rabin agwagwar maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna. Kai ko ɗaya babu. Kawu ya juya hoton sama da ƙasa har sau goma, ko fuskokin sun maƙale a baya. Kafin damina ta biyu Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Ranar sadakar bakwai na ɓuya bayan randa, ina jiran a tuna da laifina. Sai na ji Gwaggo, babbar 'yar Kaka, ta karɓi hoton, ta ce, "Wallahi ita ce. Shekara arba'in ina gaishe ta da safe, abin da nake gani ke nan."

Yanzu ni ake ɗauka. 'Yata takan cusa mini waya har cikin hanci, ta ɗauka sau hamsin, tana cewa, "Baba, ɗaga kai! Baba, rana tana bayanka!" Nakan rasa ko faɗa zan yi mata ko godiya. Ita dai 'ya'yanta za su san fuskata. Ni kuwa da ta tambaye ni kamannin Kaka, na buɗe baki, sai na ji ina kwatanta mata yatsun ƙafa.