Wutar Fulogi a Ƙarƙashin Zanen Inna

Wata Lahadi ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. An kwana ana ruwa, gari ya waye rana ta fito tarwai, tsakar gidanmu duk taɓo da sawun kaji. Baba ya riga ya ɗaure kwandon ƙwan zabi a bayan babur, ya zuba ƙaiƙayi tsakanin ƙwan don kada su gogi juna, zai kama hanyar kasuwar Ɗanbatta. Ya yi bisimilla ya taka kik, babur ya yi ɗan tari ya yi shiru. Ya sake takawa, ya sake, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ni ina bakin turmi ina surfen gero, amma hankalina duk yana wajensa, don a gidanmu in babur ɗin nan bai tashi ran Lahadi ba, miyar makon lami ce.

Babur ɗin ya girme ni nesa ba kusa ba. Fentinsa ya koɗe, sirdinsa Inna ce ta ɗinke shi da tsohon buhu. Da shi Baba yake zaga ƙauyukan da ke kewaye da mu yana sayen ƙwan zabi da damina, da kaka kuma gyaɗa da wake. Bai cika kai shi wajen bakanike ba, ya san ciwonsa kamar yadda ya san gonarsa. Sai dai a daminar nan wani abu ya canja. Baba ya fara dawowa da fasassun ƙwai, ya ce hanya ce ta lalace. Rannan ya dawo da ƙujewa a gwiwa, ya ce akuya ce ta gitta masa. Na taɓa ganin ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Inna ta gani, Baffa Sani ƙanensa da muke gida ɗaya shi ma ya gani, amma babu wanda ya iya buɗe baki ya ce wa maigida idonsa yana tafiya. In ya fita, Inna takan tsaya a bakin zaure har ƙarar babur ta ɓace, sannan ta dawo ciki.

Baba ya sauke kwandon ya ajiye a inuwar rumbu, ya fito da tsummansa mai ƙunshe da sifana. Yana da tsarinsa da ba ya tsallakewa. Ya girgiza tanki ya ji motsin mai, ya zare tiyo ya ji mai yana zuba a yatsansa. "In mai yana zuwa, sai a tambayi wuta," haka yake cewa kullum. Ya kwance fulogi, ya kankare baƙin da ke bakinsa da tsohuwar reza, ya hura, ya mayar da shi cikin hular roba da ke bakin wayarsa. Abin da ya rage shi ne a jingina fulogin a jikin injin, a taka kik, a ga ko tartsatsi zai tsallaka bakinsa. Amma a hasken rana ba a ganin wannan 'yar wuta, don haka Baba yakan karɓi baƙin zanen Inna ya lulluɓa a kan injin, ya shige ƙarƙashi. Ranar ya kira Baffa Sani ya taka masa kik, ni kuma ya ce, "Uwata, ajiye taɓaryar nan, zo ki danne min fulogi da kara." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, kuma ni kaɗai ce a gidan nake faɗa masa magana kai tsaye ya yi dariya.

Cikin zanen duhu ne da zafi, ga warin fetur, ga ƙamshin hayaƙin murhu da ya kama zanen. Baffa ya taka, babu komai. Muka fito. Baba ya kwance murfin gefen injin, ruwan sama ya ɗigo daga ciki. Ya nuna min kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin ɗan tsako. Ya goge tsakaninsu da samfefa, ya share da tsumma mai fetur, ya gwada tazararsu da kwalin ashana. Muka sake shiga, har yanzu babu. Sai ya bi wayar da ta taso daga injin zuwa kwayil, abin da ke ƙara wa wutar ƙarfi, a ƙarƙashin tanki, yana shafa ta da yatsa a hankali, kansa a ɗage yana fuskantar sama. Can ya tsaya. Ɓera ya gaigaye robar, tsiraicin wayar yana taɓa ƙarfe. Ya naɗe wurin da yankin tsohon tif ɗin keke, ya ɗaure tam.

Muka shiga a karo na gaba, kafaɗata tana taɓa tasa. Baffa ya taka. Wuta ta tsallaka bakin fulogi, shuɗiya shar, mai ƙarfi, har ta haska min gemun Baba. Na buɗe baki zan yi murna sai na ji ya ce, "Har yanzu babu. Kwayil ne ya ƙone." Fuskarsa ba ta fi taƙi ɗaya daga fulogin ba. Na tuna fasassun ƙwan, na tuna gwiwarsa, na tuna manyan motocin hanyar Ɗanbatta. Tsoro ya kama ni ƙwarai, amma na ce a hankali, "Baba, akwai wuta. Shuɗiya ce." Ya ce wa Baffa ya sake takawa, wutar ta sake fitowa, idonsa a kanta, bai ko ƙifta ba. Sai ya ture karan da ke hannuna, ya kama ƙarfen fulogin da yatsunsa, ya ce, "Sani, taka." Wutar ta fizge shi har gwiwar hannunsa ta bugi tanki.

Mun daɗe a ƙarƙashin zanen nan. Ina jin numfashinsa, ina jin zabi suna kuka a bayan danga. Baffa yana tambaya daga waje ko ya ƙara takawa. Daga baya Baba ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Kin yi gaskiya, Uwata. Allah ya yi miki albarka." Ya yaye zanen, ya ɗaura fulogi, ya taka sau ɗaya babur ya tashi da ƙara, hayaƙi ya cika tsakar gida. Da kansa ya ɗaure kwandon ƙwai, ya ja igiyar ya tabbatar. Sannan ya koma gefe ya ce, "Sani, kai za ka kai ƙwan nan." Inna tana ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Daga ranar Baba bai sake riƙe kan babur ba. Da kaka ta yi aka kai shi asibiti a birni, a bayan Baffa ya zauna. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana cin jijiyar idon, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ya yi shekaru bayan nan yana gyara wa mutanen unguwa babura a ƙofar gida da kunne da yatsa, in an zo wajen wuta ya kira ni in duba masa. Yanzu baburan garinmu ba su da kwantak, wani ɗan baƙin akwati ne a cikinsu, in ya mutu a jefar a sa sabo, kuma yaran bakanike da fitilar waya suke leƙa injin. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, babur ɗin kuma yana jingine a tsohon rumbu kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Har yau in na wuce wajen masu gyara na ji an ce babu wuta, sai in ji ƙamshin zanen Inna da nauyin hannun nan a kaina. Ni na faɗa masa abin da ya raba shi da hanya, shi kuma albarka ya sa min.