Maɓallin Wuyan Rigar Nicanor

A garinmu da ke tsakiyar gonakin rake, da wuya ka sami wanda Doña Eufemia ba ta taɓa auna shi ba. Tela ce tun tana budurwa. Keken ɗinkinta na bakin taga, ita kuwa ba ta cika magana ba, kullum da allura tsakanin leɓɓanta.

Mutum huɗu ne suka yi ta sintiri zuwa babban birni har aka ba garinmu ƙungiyar ƙwararru ta besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda: likita, lauya, mai kantin magani, sai mijinta Nicanor, direban haya da ke kai su, wanda ya fi su baki a gaban manya.

Da tsufa ya zo, hukumar gari ta ce a riƙa karrama su ɗaya bayan ɗaya. Ranar buɗe kakar wasa sai a sa wa mutum farar rigar ƙungiya mai sunansa a baya, ya tsaya tsakiyar fili ya yi jifan farko, jama'a su miƙe. Eufemia ce ke ɗinka rigar.

Da likita aka fara. Kafin a gama yankan rake aka binne shi cikin rigar, don iyalinsa sun ce ita ya fi so. Haka lauya. Ranar jana'izar mai kantin magani, Eufemia ta leƙa akwatin gawa, ta ga ɗinkinta, ta koma gida ba ta taɓa abinci ba. Mutane suka ce ai tsofaffi ne.

Bana saura Nicanor.

"Tsohuwa, taso ki auna ni," in ji shi, yana buɗe hannuwa.

"Na san awonka. Tumbi ne kawai ya ƙaru."

"Tumbin da kika gina da soyayyiyar ayaba! Ki sakar mini kafaɗa, jifa zan yi na gaske."

"Kai da ko karen maƙwabta ba ka iya samu da dutse? Ka ce musu gwiwa ta hana, a bari sai baɗi."

"Baɗi? Wa ya ga baɗi?" Ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Tsohuwar da ta koya mata ɗinki takan ce ajali ba ya kiran mutum ya bar rigarsa a hannun tela ba a gama ta ba. Saboda haka Eufemia ta gama komai, amma ta bar maɓallin wuya, ta jefa shi a aljihun siket ɗinta.

"Wuyanka ya yi kauri, bar shi a buɗe," ta ce masa da safe. "Na sa maka wata rana."

Fili ya cika, ana ta ganga da busa. Tana zaune cikin mata ta hango shi ya fito, yana ɗaga hula. Wuyan rigar a ɗaure yake tsaf. Ta taɓa aljihunta. Maɓallin yana nan.

Ya yi jifa mai kyau, ƙwallo ta faɗa hannun mai cafewa, gari ya ɗauka da ihu.

"Wa ya taɓa mini ɗinki?" ta tambaye shi a gida.

"Matar magajin gari, baiwar Allah. Ta ce ba za a ɗauke ni hoto kamar ɗan dako ba. Da allurarta da maɓalli a jaka, nan take ta ƙarasa miki aikin. Ki yi mata godiya."

Eufemia ta ɗauko almakashi.

"A'a, tsohuwa, bar shi. Duk cikin kayana ita na fi so."

Ya rataye rigar a bayan ƙofa, ya zauna yana murza kafaɗarsa ta hagu, da hannun dama kuwa ya yi jifan. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ajiye almakashin, ta ɗora masa kofi.

Rake ya nuna, lokacin da sauran ukun suka tafi ya zagayo. Masu yanka sun fara wasa addunansu, kuma kwanan nan in ka bi ta bakin tagar, ba ka jin ƙarar keken.