Bencin Asabar na Bah Teibor

Kada ku ce ba ku gan shi ba. Ku da kuke sauka daga tasi a unguwar Laitumkhrah, kunne toshe da igiyar waya, kun ga tsohon nan mai hular ulu yana goge bencin da ba mai zama a kai, kuka kawar da kai. Alhali da yawanku a kan bencin nan kuka fara jin kukan jita har tsigar jikinku ta tashi.

Bah Teibor Marbaniang ke nan, Bah ɗin girmamawar da muke yi wa namiji ce, kamar Kong ga mace. Kullum da safe, ko ruwan garinmu Shillong na zuba kamar da bakin ƙwarya, zai ɗaga ƙofar shagonsa na kaset, ya ɗora tukunyar jan shayi, ya bi kantoci yana share danshin da ya kwana a jikin faya-fayai. Sama da shekara talatin yana haka. Ciniki bai taɓa sa shi ya yi ƙiba ba. Abin da ya riƙe shi Asabar ce.

Ƙa'idarsa ɗaya. Duk mai son kiɗan rok da ya sayi sabon kaset, ko a wurinsa ko a wani gari, ba ya ɓare ledar sai Asabar da la'asar, a gaban jama'a. Ana jin gefen farko na kaset, kowa ya kama bakinsa. Sai Bah Teibor ya miƙe zai juya kaset ake sakin harshe, kuma yakan yi nawa da gangan don musu ya nuna.

A nan Bah Kyrshan, direban tasi, yake cin kasuwarsa. Bai taɓa yabon abin da wani ya kawo ba.

"Wannan mai gangar," in ji shi wata rana, "gara a ba shi turmi ya daka mana shinkafa."

Kong Phidalia, ma'aikaciyar jinya, ko kofinta ba ta ajiye ba. "Kai da kunnenka ya saba da hon, Bah? Bari masu ji su ji."

Ita ce ta kawo kaset ɗin da har yau ake zancensa. Ba saye ta yi ba. Ƙanenta ne da abokansa suka naɗi kiɗansu a bayan coci, shekara guda kafin ya rasu, kuma babu wani kwafi a duniya. Ana tsakiyar waƙa ta biyu na'ura ta tauna zaren. Bah Teibor ya zaro shi a hankali, ya ce mata na'urarsa ce ta yi ɓarna, don haka gyaran nasa ne. Maƙwabta sun ga shagon a rufe kusan mako guda, yana ciki yana miƙar da zaren da bayan cokali, yana haɗa inda ya tsinke da jan farcen matarsa. Da Asabar ta zagayo aka sa shi. Akwai inda muryar yaron ta yi tsalle, amma ta dawo. Da aka zo juyi kowa ya dubi Bah Kyrshan. Ya ce hayaƙin murhu ya shigar masa ido, ya fita waje.

Kai ne, Bah Teibor, ka koya mana cewa sauraro aiki ne, kuma tare ake yin sa. Kai ka sa ɗan makaranta da direba da malamar asibiti suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa ya haƙura da zaɓin wani har ƙarshe. Uban Asabar, mun gode.

Mu kuma me muka saka masa da shi? Yau mutum zai yi odar faifai daga Bangalore, ya ɗauki hotonsa, ya watsa a zauren waya da rubutun "abin da nake ji yanzu". Mutum hamsin su ɗaga masa yatsa, ko ɗaya bai ji ba. Kuma kada wani ya fake da cewa tsohon ya ƙi zamani. Da kansa ya sayo igiyar da ke haɗa waya da lasifikarsa, ya rataye ta a ƙusa. Tana nan ta yi ƙura.

Ga inda ake. Ginin na surukarsa ne, kuma da ta rasu bara ya koma hannun 'yar autarta kamar yadda al'adarmu take, wato Kong Wandalin, ƙanwar matarsa. Wani mai kantin magani yana son wurin. Ba ta yanke hukunci daga gida ba, ta zo da kanta wata Asabar ta zauna. Mutum uku ta tarar, har da mai shagon.

"Bah, ba korarka nake yi ba," ta ce. "Amma da gidan nan zan riƙe dangi. Ka ce akwai mutane. Nuna mini su."

Ta ba shi zuwa Kirsimeti. Bai roƙe ta ba, bai kuma kira sunan ko ɗayanmu ba. Ya ƙara mata shayi, ya ce ƙila ruwan sama ne ya hana su.

Ba ruwan sama ba ne, kuma mun sani. Kong Wandalin ba ta da laifi. Tambaya ta yi, mu ne ba mu amsa ba. Ranar da aka jera kwalaben magani a kantocin nan za ku cika waya da hotunan jimami, kuna cewa an yi rashi. Ku riƙe jimaminku, mutumin yana raye.

Asabar mai zuwa Kong Wandalin za ta sake leƙowa. Ku ɗauki abin da kuka saya na ƙarshe, faifai ne ko waƙa ce a waya, ku hau tasi da la'asar. Ku cika bencin, ku tsaya a ƙofa, ku malala har bakin titi, ta yadda in ta iso sai ta ce a ba ta hanya.