Isufu da Tamfol Ɗinsa

Shekara shida ke nan da rasuwar Isufu. 'Yan ƙungiyarmu ta 'yan Nijar a Greensboro ta Amurka suka ce ni zan rubuta, wai ni ne amininsa. To zan rubuta, amma ba abin da suke so ba.

Ni na ɗauko shi daga filin jirgi. Wata takwas yana kwana a ɗakina a unguwar Glenwood, ni na koya masa hawa bas. Garinmu ɗaya, dukanmu ba mu yi nisa a lakkwal ba, wato boko, na ma fi shi aji biyu. Ni ina kamfanin katifa. Shi ya samu aiki can bakin teku, tafiyar awa uku, inda ake fito da jiragen ruwa tudu a kankare musu gindi.

Abin da ake kankarewa 'yan katantanwa ne da gansakuka, masu manne wa jirgi tun daga wata ƙasa. In suka faɗa ruwan nan da rai sai su hayayyafa, su cinye wurin halittun gida, su toshe bututu. Isufu, mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai da gemu, shi ya ɗauki abin da zafi. Kafin ya taɓa jirgi sai ya shimfiɗa tamfol, ya tara duk abin da ya zubo, ya kai tudu ya bushe. Malaman jami'a suka riƙa zuwa da kwalabe suna tambayarsa wannan daga ina, wancan daga ina. A masallaci aka koma ce masa Malam Isufu. Ni har yau Sani.

Da aka rage mana aiki, ya kai ni wurin. Kwana na huɗu na gaji, na ja tamfol na kakkaɓe shi cikin ruwa. A garinmu shara ba ta wuce bayan gida, wa ya taɓa tambaya? Ya gan ni.

"Yaya Sani, me ka yi?"

"Datti na mayar inda ya fito."

"Ba nan ya fito ba. Ɗauki jakarka."

A gaban manaja ya faɗa, da Hausa, don kada na ji kunya. Na ji. Na koma ɗinkin katifata. Shekara biyu ban amsa wayarsa ba, in ya shigo gari sallamar Juma'a ma da ka nake amsawa. Sai ciwon zuciya ya ɗauke shi. Na yi masa wanka da hannuna, mutane suna cewa dubi aminci. Ba wanda ya san mun ɓata sai matarsa Rabi, ita kuma ba ta taɓa faɗa ba.

Yau in ka je tafkin da ke hanyar Summerfield za ka ga allo, an ce kowa ya wanke kwalekwalensa kafin ya sa a ruwa. Da yana nan da ya tsaya ya karanta shi a hankali, baki na motsi, ya ce sun makara. Ni in na wuce, kai nake kawarwa.

Watan jiya Rabi ta roƙe ni na kai ta wurin aikin Isufu, ba ta taɓa gani ba. Duk ma'aikatan sababbi ne. Muna tsaye na ji wani ya daka wa ɗan'uwansa tsawa da Turanci, wai ya yi aikin irin na Isufu. Na tambaye shi wane ne Isufu. Ya ce bai sani ba, haka dai ake faɗa. Rabi ta yi kuka. Ni abin da ya taso mini ba kuka ba ne.

Shekara goma sha huɗu ina ɗinka katifa. Ranar da na bari, kafin la'asar za a ɓare sunana daga jikin loka, akwatin ajiye kayana a wurin aiki, a manna na wani.

Allah ya jiƙan Isufu, shi ne da gaskiya. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya cire mini wannan kyashin kafin a zo yi mini wanka.